Giya Mai Tagwayen Kuloci: Tambayi Bakanike Kafin Dillali

A wannan mako maganar giya za mu yi a wannan fili. Kada kuwa mai karatu ya zabura, giyar mota nake nufi, ba ta kwalba ba, ko da yake kamar yadda za a gani nan gaba, ita ma ta motar takan juya wa mutum kai, ta kuma yashe masa aljihu in bai yi hattara ba.

Ga abin da ya jawo maganar. Sanin kowa ne ranar 1 ga watan Janairun kowace shekara ita ce ranar bikin Afan a Kagoro, ranar da 'ya'yan ƙasar da ke aiki a Kaduna da Abuja da Jos da Ikko suke dawowa gida su kalli maharba da 'yan rawa, su gai da Mai Martaba Agwam Agworok, sa'an nan su nuna wa dangi abin da Allah ya hore musu a shekarar da ta shige. To, a bikin da ya wuce wani ƙanena, ɗan kawuna, wanda bai daɗe da kama aiki a Abuja ba, ya iso da wata jar mota mai ƙofa biyu, gajera, tana ruri kamar zaki, irin waɗanda aka ƙera domin gudu da ƙawa. Tsohuwa ce ta ƙasar waje, watau abin da muke kira Beljiyam, amma ko ƙwarzane babu a jikinta. Ya ɗauke ni daga Kafanchan, yana ta yabonta tun kafin mu tashi. Ya ce da ni, "Yaya, wannan ba ta san jira ba. Kafin ka ƙifta ido ta bar giya ta ɗaya ta kai ta huɗu."

Gaskiyarsa kuwa, muddin hanya a sake take. Amma ranar Afan hanyar Kafanchan zuwa Kagoro ba a sake take ba. Tafiyar da ba ta wuce minti 15 a sauran ranaku sai da ta ci mana fiye da awa guda, a matsa taku biyu a tsaya, a matsa taku uku a tsaya, ga babura, ga masu tafiya a ƙasa. Muna hango dutsen Kagoro a gabanmu sai motar ta soma karkarwa duk lokacin da za ta tashi. Can sai wani ƙauri ya biyo baya, sa'an nan fitila ta kama a allon gaban direba, da rubutun Turanci cewa giya ta yi zafi, a tsaya. Ka tuna kuwa tsakiyar hunturu ake, ba bazara ba. Da ƙanena ya ƙi tsayawa, sai ita ta tsaya da kanta, inji na kuka amma taya ba ta juyawa. Muna gefen hanya wata tsohuwar a-kori-kura ƙirar 504, wadda na tabbata ta girmi mai jar motar, ta wuce mu shaƙe da makaɗa da gangunansu.

Washegari muka nemo wani dattijon bakanike a Kafanchan, wanda ya yi ƙuruciyarsa a kan Fijo. Ya leƙa, ya shinshina, ya girgiza kai, ya ce da ƙanena, "Ɗana, wannan ba tawa ba ce. Giyar 504 ko ido rufe zan sauke ta in mayar kafin la'asar. Wannan kuwa ƙwaƙwalwa gare ta, ba ta kuma jin yarena. In na taɓa ta na cuce ka." Allah ya saka wa wannan dattijo da alheri, domin ba kowane mai gyara ne zai faɗi haka ba. Ƙarshenta dai a bayan babbar mota aka ɗora ta zuwa Apo a Abuja, inda ta yi makonni tana jiran kaya, kuma abin da aka kashe ya tasam ma sulusin kuɗin da aka saye ta.

To, mene ne wannan giya mai tagwayen kuloci, kuma me ya sa ta gaza inda tsohuwar 504 ta wuce? Mai karatu ya san giyar hannu: kuloci ɗaya ne, direba ya taka shi, ya raba inji da giya, ya canja, ya saki. A ɗan tsakanin nan ƙarfin inji ba ya isa taya. Ya kuma san atomatik irin ta da, wadda ba ta da faifan kuloci tsakanin inji da giya, sai wata 'yar tukunya cike da mai, wadda kanikawa ke kira kwambata, man da ke juyawa cikinta shi ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya. Ita kuwa wannan ta uku, a ido atomatik ce, tun da babu abin takawa na uku a ƙafar direba, amma a ciki giyar hannu ce guda biyu aka haɗe a ƙoƙo ɗaya. Sanduna biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Guda tana ɗauke da giya ta 1 da ta 3 da ta 5 da ta 7, ɗayar kuwa ta 2 da ta 4 da ta 6, kowace da kulocinta. Mota na tafiya a ta 3, kwamfuta ta riga ta shirya ta 4 a ɗaya sandar, lokacin canji na yi sai wannan kuloci ya saki, wancan ya kama. Duk wanda ya taɓa ganin mata biyu na lugude a turmi ɗaya ya ga yadda abin yake: taɓaryar wannan na tashi ta waccan na sauka, turmi ba ya hutawa. Mai yi musu kiɗan kuwa wata na'ura ce da ake kira mekatironik, wadda ta ƙunshi kwamfuta da ƙananan na'urorin jin zafi da motsi da kuma abin da ke tura kulocin, ko famfon mai da bawul-bawul, ko ƙananan injinan lantarki.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya Bafaranshe, Adolphe Kégresse, shi ya tsara ta a 1939 domin motar Citroën, amma ba a kai ga ƙera ta ba. Kamfanin Porsche na Jamus ne ya farfaɗo da ita a filin tsere cikin shekarun 1980, ya sa mata suna PDK, har motarsa mai lamba 962 ta ci tsere da ita a Monza ta ƙasar Italiya a 1986. Ba ta shiga kasuwa sosai ba sai 2003, lokacin da Volkswagen ya fito da ita a Golf R32 da sunan DSG. Daga nan sai rige-rige: Bugatti Veyron a 2005, Nissan GT-R a 2007, sa'an nan Porsche 911 da Ferrari California da BMW M3 duk a 2008. Abin lura a nan shi ne mahaifarta. A filin tsere aka rene ta, inda mota ba ta rarrafe, inda kuma injiniyoyi ke jira a gefe su kwance ta bayan kowane gudu.

Nan ne gizo ke saƙar. In mota mai kwambata tana rarrafe a cunkoso, mai ne ke zamewa, mai kuwa ba ya cinyewa don ya zame. Amma mai tagwayen kuloci ba ta da wata hanyar rarrafe sai ta riƙe kuloci rabi a kame rabi a sake, daidai da abin da malamin tuƙi ke tsawata wa ɗalibi a kai. Faifai na gogar faifai, zafi na taruwa. Har wa yau iri biyu ce. Akwai jiƙaƙƙiya, wadda faya-fayanta ke iyo cikin mai yana sanyaya su, irinta ce ke cikin Porsche da GT-R da Mercedes-Benz CLA 250 da samarinmu ke ƙauna. Akwai kuma busasshiya, wadda ba ta da abin sanyaya ta sai iska, ta fi araha wajen ƙira, ta fi tsimin fetur, ita ce kuma aka fi zubawa a ƙananan motoci. Ta ƙanena busasshiya ce. Yanzu mai karatu ya lissafa abin da mota ke gamuwa da shi a hanyoyinmu: shingen bincike, tudun rage gudu a kowane ƙauye, ramuka, cunkoson ranar kasuwa, hawan tudu in an nufi Filato ta Manchok, da zafin watan Maris da Afrilu. Kowane ɗaya daga cikinsu rarrafe yake nema.

Kada a ce ƙorafin ɗan jarida ne kurum, kamfanonin da kansu sun amsa. A watan Maris na 2013 Volkswagen ya janye motoci fiye da 380,000 a ƙasar Sin saboda DSG busasshiya mai giya 7, bayan gidan talabijin na gwamnatin ƙasar ya fallasa matsalar. A watan Nuwamba na wannan shekara ya sake kiran motoci kimanin miliyan 1.6 a faɗin duniya domin a sauya musu man giya, saboda an gano man da aka zuba tun farko yana iya jawo lalacewar lantarkin na'urar, musamman a ƙasashe masu zafi da laima inda ake yawan tashi da tsayawa. In ba ƙasarmu aka kwatanta ba, to maƙwabciyarta ce. Kamfanin Ford ya sha irin wannan da tasa busasshiyar mai suna PowerShift, wadda ya sa a Fiesta daga samfurin 2011 da Focus daga na 2012. A 2014 ya tsawaita garantin kulocin a Amurka zuwa shekara 7 ko mil 100,000, a 2018 kuma kotun tarayya ta Ostireliya ta ci shi tarar dalar ƙasar miliyan 10 saboda yadda ya bi da koke-koken masu saye. A 2016 Hyundai ya janye Tucson fiye da 40,000 a Amurka, domin a yanayin zafi motar kan yi jinkirin tashi bayan an tsaya, abin da ke da haɗari ga wanda ya shiga mararraba.

Manyan motocin gudun ma ba su tsira sarai ba. Farkon fitowar Nissan GT-R, wasu masu ita a Amurka da suka yawaita tashi da ita da cikakken ƙarfi daga tsaye sun fasa giyarta, kamfanin ya ce sun saɓa sharaɗin garanti, aka yanka musu kuɗin sabuwa kimanin dala 20,000, har maganar ta kai kotu. PDK ta Porsche ta yi suna wajen ƙarko, babu mai musun wannan, amma shekara da shekaru al'adar dillalan kamfanin ita ce ba sa buɗe cikinta su gyara, sauya ta suke yi ɗungurungum, ta yadda lalacewar 'yar na'ura ɗaya da ba ta fi yatsa ba kan jawo wa mutum kuɗin giya sukutum. Abin da ya fi ba ni sha'awa kuwa shi ne BMW, wanda ya yi shekaru yana alfahari da tagwayen kuloci a motocinsa na gudu, ya koma wa atomatik mai kwambata a M5 ta 2017, da M3 da M4 na 2020, da yake ita ma ta zamani ta kusa kamo waccan a sauri, ga kuma haƙuri a cunkoso.

Mu dawo gida, mu duba dalilin da ya sa gyaranta ke karya mutum a nan fiye da can. Na farko, kulocin biyu tare ake sauya su, ba a kuma sa su da guduma da kurfi. Akwai ma'auni na musamman, kuskuren da bai kai kaurin takarda ba ya isa ya ƙone sabon kaya, bayan an ɗaura kuma sai an jona kwamfuta an koya wa motar sabon kulocinta. Na biyu, in mekatironik ce ta mutu, ba kowace aka ciro daga wata mota ke zama ba, sai lambobi sun dace, sai kuma an shigar mata da bayanan wannan motar. Na uku, mai. Jiƙaƙƙiyar DSG mai giya 6, ga misali, ƙa'idarta a sauya mata mai da matata kowace kilomita 60,000, kuma man nata daban ne. Wanda ya zuba mata man atomatik na gama-gari don ya fi araha, ya sayi sabon kuloci bai sani ba. Na huɗu, duk kayan nan da dala ake sayo su. Kafin watan Yuni na 2023 canjin hukuma yana wajen naira 460 ne kowace dala, a 2024 kuwa ya haura naira 1,500. A wannan canji, giyar GT-R da muka ambata ta kama naira miliyan 30 ke nan. Na biyar, da yake sabo ya gagara, sai a koma kan tsohon kaya daga Ladipo a Ikko, ko Apo, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, alhali kuwa mai sayarwa da mai saye babu wanda ya san irin wahalar da kayan suka sha kafin su zo. Na shida, wanda shi ya fi ciwo, duk janyewar nan da tsawaita garanti da muka lissafa ba su biyo motar cikin jirgin ruwa ba. Baturen da ya fara hawanta ya ci moriyar garanti, mu kuwa muka gaji ragowar.

Iyayenmu ba su fuskanci wannan ba. Tun daga 1975 da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri cikin Kaduna, har zuwa 2006 da aka daina yin 504, mota da kayanta da mai gyaranta tare suka girma. Daga Kachia zuwa Zonkwa zuwa Kafanchan babu garin da za ka rasa wanda ya san cikinta. Ba wai 504 ta fi motocin yau inganci ba ne, ko kusa. Abin da take da shi dangi ne a kowane gari, motar ƙanena kuwa marainiya ce da zarar ta bar Abuja. Saboda haka in an tambaye ni ko wannan giya tana da ƙarko, sai in ce ƙarko ba a ƙarfe kaɗai yake ba, yana ga hanyar da za a bi, da man da za a samu, da hannun da zai taɓa ta.

Ban ce kowa ya guje ta ba. Tana da sauri, tana tsimin fetur, wanda ba ƙaramin abu ba ne tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, jiƙaƙƙiya kuma in ta sami kulawa takan daɗe. Abin da nake cewa shi ne, Hausawa na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma yawancin masu sayen waɗannan motoci ba su san rariya suka saya ba, domin dillali "atomatik" kurum yake cewa. Don haka mai niyyar saye ya fara da tambayar wace irin atomatik ce, in mai tagwayen kuloci ce, jiƙaƙƙiya ko busasshiya. Ya ɗauki lambar shasi mai harafi da lamba 17, in motar daga Amurka take, ya duba a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar, NHTSA, ko akwai janyewar da ba a yi mata ba, kyauta ne. Kada ya gwada ta a miƙaƙƙen titi inda kowace mota sarauniya ce. Ya bari ta yi zafi, ya shiga cunkoso da ita, ya tsaya a tudu ya tashi, ya sa ribas, ya saurari karkarwa ko jinkiri ko ƙara. Ya sa a jona mata kwamfuta. Uwa uba, ya je garejin da zai riƙa kai ta ya tambayi kuɗin kuloci da na mekatironik tun bai biya ko kwabo ba. In garejin nan yana nesa da gidansa da tafiyar awa uku, to ya haɗa da kuɗin ɗaukar mota a lissafinsa.

Wanda kuwa ya riga ya saya, ga abin da zai tsawaita mata kwana. A cunkoso kada ya bar ta tana jan ciki da ƙafarsa rabi a kan birki. Ya taka birki sosai, ya bari na gaba ya ba da rata, sa'an nan ya matsa gaba ɗaya. A tudu ya riƙe ta da birki, ba da totur ba. Ya tabbata ta tsaya cak kafin ya sa ribas. In fitilar zafi ta kama ya sauka gefe ya ba ta lokaci ta huce, kada ya yi taurin kan ƙanena. Kada kuma a ja ta da igiya tafiya mai nisa, ɗaukarta ake yi. Man da littafinta ya ambata shi za a zuba, a kuma kan lokaci.

Daga ƙarshe ina da kira ga hukuma. Waɗannan motoci sun riga sun shigo, wasu kuma suna tafe, ba kuwa na 'yan ƙwalisa kaɗai ba, har da na malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da suka tara kuɗi shekaru suka sayi ƙaramar mota ba tare da sanin abin da ke cikinta ba. Hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci tana shirya wa kanikawa horo kan gyaran motocin zamani. Ya kamata irin wannan horo ya iso kudancin Kaduna a kai a kai, a haɗa hannu da ƙungiyar kanikawa ta NATA da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Kafanchan, a taimaka wa samarin gareji su mallaki kwamfutar bincike da ma'aunan da aikin ke bukata. Garin da ya zama mahaɗar jirgin ƙasa tun 1927, wanda ya ga ƙarfe kafin garuruwa da yawa su gani, bai kamata a ce ana ɗaukar mota daga cikinsa zuwa Abuja saboda babu mai jin yarenta ba. Dattijon nan ya faɗi gaskiya cewa ba tasa ba ce, amma yaransa da ke riƙe masa sifana suna iya mayar da ita tasu in an koya musu.

Ƙanena dai ya karɓo motarsa, tana tafiya sumul. Na tambaye shi ko da ita zai zo Afan mai zuwa, ya ce, "Yaya, da ita zan zo, amma a Kafanchan za ta kwana, mu ƙarasa a kan babur." Na ce masa ya fara hankali, sai dai karatun ya yi tsada.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.